An Sakaya Kawu Don Tsaron Lafiyarsa

Jiya na raka kawun matata wani babban otal, aka kore mu cikin ladabi. Ban taɓa ganin korar da ta zo da ruwan gora da jakar rataya kyauta ba sai wannan.

Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, Kawu a falona yake kwana. Tsoho ne mai kunya, ba ya cin abinci da yawa, sai dai munsharinsa ya fi injin niƙa. Burinsa ɗaya ne: a kai jami'an tsaro hanyar garinsu, ya koma gonarsa kafin ruwa ya sauka. Ni ma burina ke nan, ko da yake dalilanmu sun bambanta.

Kwanakin baya wata Dakta daga cibiyar nazarin ta'addanci da haƙƙin ɗan Adam ta zo da na'urar ɗaukar murya. Mace mai kirki, ta cire takalmi ta zauna a tabarma. Kawu ya zayyana mata komai, har rafin da maharan suke tsallakowa. Da ya gama ta ce, "Baba, kada ka damu. Ƙa'idar aikinmu ce mu sakaya sunanka da na garinku, don tsaron lafiyarka."

Kawu ya ce, "'Yata, waɗanda nake tsoro ai sun san gidana. Su suka ƙona shi."

Ta yi murmushi, ta ce za a gayyace shi bikin ƙaddamar da rahoto. Ta kuwa cika alkawari.

An sa taron jiya da safe a otal ɗin. Mai Girma Babban Baƙo, Garkuwar Marasa Gata, ya iso bayan azahar, da ayarin motocin da ya isa ya tsare ƙauyuka biyar. Dakta ta karanta labarin wani "Mai Amsa na Bakwai, daga wani ƙauye". Mai Girma ya zaro hankici ya share ido a daidai gefen da kyamara take.

Ya ce, "Wane gari ne wannan? Gobe-goben nan zan tura motoci!"

Shugaban cibiyar, wani Farfesa, ya russuna. "Ranka ya daɗe, ɗa'ar bincike ta hana mu faɗa."

Na ga fuskar Mai Girma ta washe, irin ta ɗalibin da aka ce masa malami ba zai shigo ba yau.

Nan Kawu ya dogara sandarsa ya miƙe. "Ni ne na Bakwai! Sunan garinmu..."

Farfesa ya tari numfashinsa. "Baba, zauna. Ba ka da hurumin tona asirin na Bakwai."

"Ai ni ne!"

"Ko da kai ne. Mun yi masa alkawari."

Masu tsaro biyu suka kama Kawu a hankali, kamar masu ɗaukar ƙwai, suka kai mu har bakin titi. Daga waje muka ji tafi: Mai Girma ya kafa kwamitin da zai gano ƙauyen.

Ban ga laifin Dakta ba. Wannan ƙa'ida ta ceci wuyan mutane da dama, kuma jiya na ga idonta ya yi ja. Amma da na ba maƙwabcina mai faci labari, ko ɗagowa daga tayar da yake liƙewa bai yi ba.

Ya ce, "Malam, lokacin neman ƙuri'a wa ya nuna musu hanyar ƙauyen?"

Na ce, "Babu."

"To, in da gawa ungulu ba ta tambayar hanya. Ka sayi audugar toshe kunne kawai, munsharin nan ba inda za shi."

Duk da haka mu yaba wa manya. Ba kowace hukuma ce za ta mutunta sirrin talaka har ta ƙi sanin inda yake ba.

Yau da safe aka yi ruwan farko. Na fito na tarar da Kawu a tsakar gida da fartanyar aro, ya ture igiyar shanyar matata, yana sarar ƙasa yana zuba masara. Na tambaye shi ko ba zai jira sakamakon kwamiti ba. Ya ce in matsa, na taka masa layi.

A cikinmu duka, ina jin shi kaɗai ya fahimci jawabin Mai Girma.