Rasuwar Dattijo, Fiyanon Bayan Kasuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da suka wayi gari marayu, ni Kamaruddeen mai sutudiyo a bayan kasuwar Ɗanbatta nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar fiyanona, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya cika ranar kasuwa da hantsi, ana tsaka da aikin waƙar bikin Tahira, autar Hajiya Aina'u.

Marigayi mai wadatar zuci ne. Muryoyin da kamfani ya zuba masa tun haihuwa, waɗanda mu 'yan sana'a ke kira firiset, da su ya rayu, da su ya tafi. Bai taɓa neman data ba. Ka danna lamba ya ba ka ganga, ka danna wata ya ba ka goge, ko dai abin da shi a ganinsa goge ne. Tsakani da Allah gogen nan ya fi kama da kukan akuyar da aka manta a rana, amma yau ba ranar tone-tone ba ce. Sarewarsa kuwa, wayyo sarewarsa. "Firiri-riii," ko a bayan babur ka jiyo ta, ka san daga ɗakina waƙar ta fito.

Ya sha gori a rayuwarsa. Naziru, abokin sana'ata na Ungogo, ya yi ta zarya da filasha cike da sampul, wato guntayen kiɗan da wasu suka naɗa a wata uwa duniya, kowa ya sauke daga intanet ya manna. Ya ce zamani ya wuce firiset, wai waƙoƙina duk kamarsu ɗaya kamar 'ya'yan mace guda. Na ce to madalla, aƙalla an san uwarsu. A teburin mai shayi, gaban dattawa, na ce ni da kiɗan gwanjo har abada.

Ciwon ajali ya faro ne bayan kaka. Yayana Muhammadu Sani ya duba ya ga duk danginmu babu ɗaki mai ƙofar ƙarfe sai sutudiyo, sai ya jibge buhunan gyaɗarsa a gefen marigayi. Na yi magana, ya ce gyaɗa ba ta hana kiɗa. Ita dai ba ta hana ba, masu zuwa gaishe ta ne suka hana. Da farko maɓalli ɗaya ya daina amsawa, daga baya in ka nemi ganga sai ya ba ka ƙararrawa. Maganarsa ta ƙarshe "ziiit" ce, sai hayaƙi. Mai gyara a Kano ya buɗe cikinsa, ya tarar da ɓawon gyaɗa da sheƙar ɓera, ya mayar da murfi a hankali ya ce in yi haƙuri.

Ya rasu ya bar ƙafafunsa na ƙarfe, da lasifika biyu, ɗaya kurma, da tsohon zanen Inna da ake lulluɓa masa, da ɓeraye masu yawa da suka gaje shi tun yana raye. Ya kuma bar waƙar Tahira babu sarewa.

Hajiya Aina'u ta zo ta'aziyya da kanta. Ta ce duk 'ya'yanta da sarewar nan aka kai su ɗaki, ba a kan auta za a fara ragi ba, matan unguwa su ce an gaji da hidima. Naziru ya yi wuf ya kunna mata sarewar filasharsa kala-kala. Ta saurara tsaf, ta ce duk sun yi daɗi, amma ba ta gidanta a ciki. Wallahi na ji sanyi a raina, har sai da ta juyo ta tambaye ni yaushe za ta aiko a karɓi waƙa.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Ba za a binne marigayi ba, za a ɗora shi saman kantar sutudiyo. Kafin nan za a yanko sarewarsa daga waƙar bikin Rukayya, yayar amarya, a manna a sabuwar. Na sani, sunan wannan aiki sampul. Naziru ma ya sani, tun jiya yake washe baki, har ya ce in turo masa. Sai dai a tsohuwar waƙar, mawaƙi ya kira sunan angon Rukayya a kan sarewar, na kankare iya kankarewa bai fita duka ba.

Za a yi zaman makoki a sutudiyo bayan la'asar, kowa ya zauna a kan buhu. Addu'ar ƙarshe kuma ranar Asabar ce a wajen kamu. Duk wanda ya jiyo ana cewa "Basiru" can ƙasa-ƙasa a bayan sarewa, don girman Allah ya ƙara guɗa. Sunan angon Tahira Abdulsalam.