Yadda Sanƙona Ya Kayar da Gada

Jama'a, jiya na tafka abin kunya, kuma gara ku ji daga bakina kafin mai shayi ya ƙara masa gishiri.

Akwai rafi tsakanin ƙauyenmu da makaranta da asibiti. Damina na sauka, yara sai su ɗora littattafai a ka su tsunduma, mai naƙuda kuwa sai dai addu'a. Ni na fi kowa zaƙewa a kan a yi mana gada. Gida-gida na bi har muryata ta dishe, har uwar yara ta ce da surutu siminti ne, da tuni motoci na wucewa.

To, jiya Mai Girma Kansila, Garkuwar Talakawa, Fitilar Gunduma, ya iso da albishir: wai mulki ya dawo hannun jama'a, mu za mu zaɓi aikin bana da kanmu. Ko gada, ko katafariyar ƙofar shiga gari mai ɗauke da hotonsa. Ba ƙuri'a, ba akwati. Kowa ya shiga layin abin da yake so, a ƙirga kawuna.

Allah ya saka wa wanda ya tsara wurin. Layin gada a tsakiyar fili, rana tsaka. Layin ƙofa kuwa a cikin rumfa, ga kujeru, ga randar ruwan sanyi. Duk da haka mutanenmu suka jure, ni a gaba ina ta hura hanci.

Sai Mai Girma ya ce zai yi “'yar gajeruwar magana”. Ya faro daga ranar da aka haife shi. Ni kuwa na baro hulata a gida, ga sanƙo fetal. Maƙwabcina tela ya leƙo kaina ya ce, “Malam, a fasa ƙwai a nan ai soyuwa zai yi.”

Na ce, “Riƙe mini wuri, ruwa kawai zan kurɓa in dawo.”

Moɗa na bakina na ji usur. “Kowa ya tsaya inda yake!” Sakataren Mai Girma ya dafa kaina da ɗan yatsa, ya ƙirga ni.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ruwa fa na zo sha!”

Ya ce, “Baba, dimokuraɗiyya ba ta tambayar abin da ya kawo ka. Inda ta same ka take dubawa.”

Ƙofa ta ci da kai ɗaya tak. Mai Girma ya rungume ni a gaban jama'a, ya ce ga dattijon da ya gane gaskiya a kan lokaci, a tafa masa. 'Yan rumfa suka tafa. Na hango uwar yara a layin rana tana kallona, wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da yamma maƙwabta suka taru a ƙofar gidana, suka yi nasu zaman. Tela ya kawo shawara: tunda ni na kayar da gada, daga ruwan farko ni zan riƙa goya yaran unguwa ina ƙetarar da su, safe da rana. Na ɗaga hannu ina neman a ji ta bakin 'yan adawa, aka ce an rufe taro. Uwar yara ce ma ta fara cewa ta amince.

Don Allah, in akwai wanda ya san maganin ciwon baya mai kyau, ya taimaka. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ɗan tela kuma ba ƙaramin ƙato ba ne.