Wa Ya Cire Ayabar da Ke Cikin Raminmu?

Jama'a, yau da safe gwamnati ta kama ni, ni da kekena da kiret uku na ƙwan matata Nabanda.

Kun san ramin nan na gaban gada. Shekara huɗu muna tare, ko makaho ya san inda zai kauce. Wani ɗan albarka ya dasa ayaba a ciki don baƙi su gani daga nesa, har ta yi 'ya'ya sau biyu. A duk mazaɓar nan ita kaɗai ce aikin da ya ba da amfani.

Ashe jiya an ce Mai Girma Sarkin Alkawari zai wuce. Sai ma'aikata suka tumɓuke ayabar, suka gitta gora, suka shimfiɗa tabarmar kara, suka barbaɗa jar ƙasa. Ni kuwa da na hango hanya sumul, har cewa na yi Allah ya saka wa manya. Ban rufe baki ba na ji ni a ƙasa, Nabanda kuma dama ta riga ta ce in ƙwai ɗaya ya fashe in nemi mai tuƙa mini nsima, tuwon masararmu.

Maƙwabcina Kachingwe, tsohon malamin makaranta, ya leƙo ya gyara tabarau.

"Ɗan'uwa, ka san kalmar da Turawa ke kiran ɓoyayyen haɗari? Asalinta ramin mafarauta ne, a rufe bakinsa da ganye, dabba ta taka ta rufta."

"Malam, miƙo hannu tukuna, karatun ya biyo baya."

"Daga baya ne ma'anar ta faɗaɗa."

"Ramin ma haka."

Da gwaiduwa a gemu na tafi ofis. Ranka-ya-daɗe Mai Hatimi ya buɗe fayil ya ce a takarda an cike ramin nan tun bara, don haka ba yadda za a yi in faɗa. Ya ƙara da cewa a bar wa gobe ta duba. Na ce to ƙwan fa? Ya ce wannan na sashen noma ne.

Mai Girma kuwa jirgi mai saukar ungulu ya hau, ya wuce ta samanmu. An ce ya yaba da hanyar.

Da na koma gida, Nabanda ta dubi kiret, ta dube ni. Ta kife tukunya, ta ɗauki fartanya ta tafi dasa wata ayabar. Wallahi kife tukunyar nan ya fi faɗuwar ciwo.

Ni ba tarkon ne ya ɓata mini rai ba. Kakana ma haka yake wa gadu, gora da ganye da ƙasa. Amma shi kullum da sassafe yakan je ya duba abin da ya kamu. Waɗannan sai shekarar zaɓe.