Injiniya da Awon Ciki

Allah Ya yi wa asibitinmu baiwa da Ya ba mu Injiniya. Mu muna kiransa Danna-Mu-Gani, amma a bayan idonsa, don mutum ne da ko gaisuwa sai ya gyara tabarau kafin ya amsa. Shi ya gina shafin intanet ɗin da ke riƙe da bayanan marasa lafiya, kuma yana yi mana tuni kullum, kada mu mutu cikin jahilci.

Wata rana babbar likita ta ce a tura saƙon waya na kira zuwa awon ciki ga waɗanda suka cika sharaɗi uku: mace, mai juna biyu, wadda ta tsallake ranar ganin likita. Ta roƙe shi ya gwada tukuna.

"Ranki ya daɗe, gwaji na mai shakka ne," in ji shi. "Ni in na tambayi na'ura, rawar jiki take yi."

Gwani ya haɗa sharuɗɗan da "ko" maimakon "da". Wato duk mace, ko mai ciki, ko duk wanda ya taɓa tsallake rana. Ya danna, ya miƙe ƙafa.

Washegari farfajiya ta cika maƙil. Ga tsohuwa mai sanda tana neman wanda ya yi mata wannan fata. Ga wani makanike mai hawan jini yana shafa tumbinsa, yana cewa, "Wata nawa ne, likita? A faɗa mini in shirya." Ga wata da mijinta ya shekara biyu a tafiya, surukarta na biye da ita, ido jawur. Wannan kam ba ta yi dariya ba.

Injiniya ya hau matakala ya yi gyaran murya. "Jama'a, na'urata ba ta ƙarya. Shaida ma, ni kaina maiɗakina ta sami saƙon jiya, har na sanar da dangi."

Ashe ramin mugunta ma an ce a gina shi gajere, balle na wauta. Bai rufe baki ba sai ga matar tasa ta ratso taron, riƙe da kumatu.

"Maigida, ni fa haƙori na zo cirewa. Ga kafinta can a bakin ƙofa, yana tambayar inda zai sauke gadon jaririn da ka sa a yi."