Faifan Goggo Turai Ya Yi Wutsiya

"Lafiya lau, angon da ba cefane. Ka kwana da kunya?"

"Lafiya ƙalau, tsohuwa. Ashe kin kai yau?"

Haka Goggo Turai da jikanta Lukumanu suke gaisawa tun da ya dawo hutu Rogo. Yau kam da fushinta ta shigo zaure. Kwana uku tana cigiyar faifanta na bakace, wanda ta saƙa da hannunta tun idonta na ganin ramin allura. Shi kaɗai ya rage mata, kuma ta san ba za ta ƙara saƙa wani ba. Sai ga shi shimfiɗe a tabarma kan wani kwali mai zanen ruwa, an liƙa masa maɓallai biyu kamar idanu, an ɗaura masa igiyar rama a baya.

"Lukumanu, wa ya yi wa faifaina wutsiya?"

"Wannan ba faifai ba ne, Goggo, dodo ne. Kunamar teku. Faɗinta ya fi zauren nan, tana kwanciya cikin yashi a ƙasan ruwa, wanda ya taka ta ta kafta masa ƙari."

"Kai da ko dam ɗin Karaye ba ka iya leƙawa sai ƙafarka ta yi rawa, kai ne da teku?"

"Wasa ne. Ni nake ba da labari, abokaina kowa ya zama jarumi ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. Jiya mutum huɗu ta kashe."

"Caca dai kuke da kayan aikina."

"Ko sisi babu a ciki."

Ta so ta fizge abinta ta wuce, amma ƙafarta ta ƙi. Ita fa Turai in ta ji sabon abu, sai ta ga ƙarshensa hankalinta ke kwanciya. Ta dafa bango ta zauna.

"Tana da ƙaya irin ta tarwaɗa?"

"Ba ta da ita."

"Bakinta fa?"

"A ciki yake, ta ƙasa."

"To ta yaya take kallon abin da take ci? Kai dai ka ƙirƙiro ta da kamanninka, ci ba gani."

"Shiga ki gwada mana. In kin haye ruwan da ranki, ki ɗauki faifanki. In ta harbe ki, ya zama nawa, dama gadonsa zan ci."

Ba ta son rasa shi, amma wa zai ja da baya a gaban wannan ɗan? Ya ajiye mata ƙwayar gyaɗa a bakin kwalin, wai ita ce.

"Ga ki a bakin teku, ruwa iya gwiwa, tsibiri na can gaba. Takobi za ki ɗauka ko mashi?"

"Ba na so. Zanina zan ɗaure."

"Abokaina su Shitu da gudu suka shiga, da masu a hannu."

"Shi ya sa suka mutu. Ka ce cikin yashi take kwanciya?"

"Eh."

"Kuma sai an taka ta take harbi?"

"Haka ne."

"To ni ba zan ɗaga ƙafa ba, ja zan yi a hankali. Mu da muka yi roron gyaɗa a gonakin Beli, wa ya isa ya yi taku a ƙasa mai laushi? Jan ƙafa ake, kunama ta ji motsi ta kama gabanta. Ita ma ba faɗa take nema ba, barcinta take."

Lukumanu ya buɗe littafin dokokinsa, ya juya gaba ya juya baya, ya sosa ƙeya.

"Babu wannan a ciki."

"Sai ka rubuta. Miƙo ɗan abin."

"Ko uku kika samu kin wuce."

Ta yi bisimilla ta jefa. Ɗan ludo ya gangara ya tsaya kan huɗu. Lukumanu ya ɗaga faifan da hannu biyu yana kaɗa gefensa, ya kai shi ƙarshen tabarma, yana dariya har da hawaye.

"Ta tashi ta ba ki hanya. Na sallama, amarya. Kawo in kwance wutsiyar."

"Dakata. Tsakaninka da Allah, akwai wannan halitta?"

Ya ciro waya ya nuna mata. Ta kawo ta dab da idonta. Ga abu nan baƙi, shimfiɗeɗe, yana tafe cikin shuɗin ruwa, gefe da gefensa na tashi suna sauka.

"Ikon Allah. Bakace take yi." Ta shafa bakin faifan, inda saƙarta ta fara sakin jiki. "Shekara talatin yana hannuna, bai taɓa wuce ƙofar gidan nan ba. Bar masa wutsiyarsa, ya je ya ga teku."

"Kin ba ni ke nan?"

"Aro. Kuma in su Shitu sun zo da la'asar ka matsa min wuri, ni zan shige musu gaba."