Shamuwa da Kan Hular Kaka

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan ƙanwata Safiya ba, kuma ko na so in manta, Goggo Laraba ba za ta bari ba.

Ni mutum ne mai kallon sama. Tun ina yaro nake tuntuɓe a hanyar da babu ko tsakuwa, don idona na kan wata shirwa da ke shawagi. Da na fara aiki a Jos, abokaina suna sayen fili, ni kuwa na sayi kyamara mai dogon baki kamar taɓarya, irin wadda ke janyo tsuntsu daga ƙololuwar bishiya ta ajiye maka shi a gaban ido. Duk tafiyar da zan yi tana rataye a wuyana. Na ɗauki balbela, na ɗauki zalɓe, na ɗauki hasbiya. Shamuwa ce kaɗai ta gagare ni. A zaune kan sheƙa ina da ita iri-iri, amma a sama, fukafukai a buɗe, ban taɓa dacewa ba (har mafarkinta nake yi, ni da gemuna).

Da Safiya ta haihu, aka tsayar za a sa wa yaron sunan Kaka, mahaifin Innarmu, tsohon baduku a unguwar Ƙofar Dumi ta Bauchi. Shi kuwa Kaka bai yarda da hoto ba. Na jikin katin zaɓensa kaɗai gare mu, shi ma ya fito kamar wanda aka kama da akuyar sata. Tsufa ya riga ya cim masa, Inna kuma ba ta da burin da ya wuce ta samu hotonsa riƙe da tattaɓa-kunnensa na farko. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma taɓa roƙona komai ba. Ran nan a waya ta ce, "Kai, in za ka zo, ka taho da abin nan naka."

Farkon damina ne. Tun daga Toro hadari ke bin motarmu daga nesa, duwatsu sun yi shuɗi-shuɗi, ƙasa tana ƙamshin ruwan da bai sauka ba tukuna. Balbelu na tashi daga bayan shanu, farare fat, suna sauka a hankali. Na jingina da taga ina ji kamar ni ma iskar ce ke ɗauke da ni. Har muka shiga Bauchi ban san wanda ke zaune kusa da ni ba.

Shawo kan Kaka ya zama aikina, tunda jika ne kaɗai ke iya gaya masa magana son rai. Na ce masa tsoro yake ji kada mutane su ga na fi shi kyau. Ya ce shi da ya auri kakata ba da hoto ba, me zai yi da shi yanzu. Muka yi ta ja har la'asar, sannan ya sauko da sharaɗi: ba wanda zai ɗaga masa waya, ni kaɗai zan ɗauka, kuma sau ɗaya tak.

Aka shimfiɗa darduma a tsakar gida, aka kawo kujera. Kaka ya fito cikin farar babbar riga da hular da ya ajiye tun auren Inna. Aka miƙa masa jariri. Inna ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Mata kowace ta mayar da wayarta jaka.

To, kyamarata ba ta san kusa ba. Da na leƙa, hancin Kaka kawai nake gani. Na yi ta ja da baya, na wuce turmi, na wuce igiyar shanya, sai da bayana ya taɓa bakin rijiya, na durƙusa. Daga nan komai ya zauna daidai: tsoho, jariri, katanga, da tsamiyar maƙwabta a bayansu. Na ce kowa ya nutsu. Na ɗora yatsa.

Sai suka taso.

Daga bayan tsamiyar, daidai saman kan Kaka, shamuwa suka ɗago, ɗaya bayan ɗaya. Rana ta ratso ta ƙarƙashin hadarin ta haske farin cikinsu, baƙaƙen fukafukansu suna ɗaukar ido. Ba sa ko kaɗawa, iska ce kawai ke juya su. Wallahi ban yanke shawarar komai ba. Hannuna ne ya ɗaga da kansa, gidan ya ɓace, hayaniyar unguwa ta ɗauke, saura ni da su. Na danne maɓalli, kyamara ta kama tat-tat-tat kamar keken ɗinki.

"Abokina, wannan ai ya fi ɗaya," in ji Kaka. Ya miƙa wa Safiya ɗanta, ya dafa sanda ya miƙe.

Kafin in dawo hayyacina mata sun yanyame ni, kowa na son ganin Kaka. Goggo Laraba, ƙanwar Inna, ita ta karɓe kyamarar. Ta duba na farko, tsuntsu. Na biyu, tsuntsu. Ta yi ta turawa har ƙarshe, sannan ta ɗago ta sanar wa gida kaf cewa an yi sa'a, kan hular Baba ya fito a guda ɗaya, can ƙasa a kusurwa. Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Wata ta tambaya ko tsuntsayen ma danginmu ne. Na ji kamar in buɗe rijiyar nan in shige.

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta juya ta shiga ɗaki. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na bi Kaka zaure ina roƙo, wannan karon ba wasa. Ya ce magana ɗaya yake yi, amma in nuna masa abin da ya fi shi daraja a idona. Na nuna masa. Ya kawo fuskarsa dab da gilashin, ya daɗe yana kallo. Ya ce marigayiya kakata, duk shekara ita ke fara hango su, ta leƙo zaure ta ce masa baƙi sun iso, a fito da iri. Tun rasuwarta bai ƙara ganinsu ba, idon ba ya kaiwa sama.

"Ashe suna nan suna zuwa," ya ce. "Wanke mini wannan, a yi shi babba."

Na wanke, ya rataye a zaure. Na yi ta lallaɓa shi a sake na biyu, yana cewa sai baƙi sun dawo. Kafin su dawo Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu hoton yana ɗakin Inna. Shi ne mafi kyau da na taɓa ɗauka, kuma ba na iya kallonsa sosai. Duk baƙuwar da ta yaba tsuntsun, sai Inna ta kai yatsa can ƙasa a kusurwa ta ce, "Ga Baba nan."

Na dai koyi darasi: in za ka ba mai kallon sama amanar abin da ke ƙasa, ka shigar da shi ɗaki mai rufi tukuna. Dangi ma sun koya. Duk taron da aka yi yanzu, ni ne mai jera kujeru.