Surukin Da Bai Iya Ribas Ba

"Ni da kake gani, ko jirgin ƙasa aka ɗaura mini a bayan mota sai na kai shi Goheung, ko madubi ban kalla ba!"

Mijin yayata Hye-suk ke nan, Tak Yong-pal, mai shagon katifu a Bucheon, mutumin da in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya shimfiɗa titunan ƙasar nan da hannunsa. Ya yi wannan cika bakin ne ranar da ya sayo tafi-da-gidanka, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, yana ta shafa jikinsa kamar wanda ya sayi saniyar tatsa.

Bari in gaya maka abin da ke cin sa. Innarmu surukai biyu gare ta. In za ta nuna mijin autarmu ga baƙi, sai ta washe baki ta ce, "Ga surukina Yeo, likitan haƙori." In ta zo kan Tak kuwa sai ta ce, "Wannan mijin Hye-suk ne," ta wuce. Shekara da shekaru abin na ƙona masa rai. To ga shi Inna za ta cika saba'in, 'yan'uwanta sun shirya mata walima a ƙauyensu da ke Goheung, can ƙarshen zirin ƙasar da ya miƙe cikin teku. Likita ya ce zai yankar mata tikitin jirgin ƙasa. Tak ya yi tsalle ya dire.

"Jirgin ƙasa? Inna guda? Ni da gida sukutum zan kai ki! Mu yi hutunmu a bakin teku, ki buɗe taga ki ga ruwa. Ƙauyen nan sai sun san kina da suruki."

Wata guda cur yana tsara tafiyar. Katifa ma ya daina sayarwa. Ranar da ya nuna mini hanyar a waya, na ga ta nannaɗe kamar hanjin kaza.

"Yaya, ga gidan mai a kan hanya, me zai kai mu wancan na nesa?"

"Mansu rabi ruwa ne."

"Gidan miyar ƙaguwar nan da Inna ke so fa?"

"Ƙazamai ne. Kai dai yaro ne, bar wa manya tsari."

Ko ƙofar wurin bai taɓa takawa ba. Sai Hye-suk ta ja ni kicin tana raɗa.

"Kai, rufa mini asiri ka bar tambayar nan. Bai iya ribas da abin ba. Ya gwada a filin bayan kasuwa, ya kayar da fitilar titi. Duk wurin da ya zaɓa, ta nan ake shiga ta can a fita. A ƙauyen ma filin tsohuwar makaranta zai shiga ya zagayo."

Na riƙe baki. Ashe gogan naka ƙasa guda zai ratsa daga sama har ƙasa ba tare da ya ja baya ko taku ɗaya ba.

Abin haushi kuma, sai da ya kusa ci. Muka tashi da sassafe, Inna a gaba cikin kayan bikinta, ni da Hye-suk a baya, tulin wainar shinkafar biki a kan teburin tafi-da-gidanka. Muka sha mai inda ya ce, muka huta cikin manyan motoci inda ya ce. Tak sai kumbura yake, hannu ɗaya a sitiyari, yana yi wa Inna lacca a kan tuƙi. Wajen tsakar rana muka sauka daga kwalta muka hau siririyar hanyar siminti, shinkafa ta nuna dama da hagu, ga ƙanshin teku, ga rufin ƙauyen can gaba.

Sai ga ja. Hanyar gaba ɗaya ta yi jawur. Barkono ne aka shanya a kan raga, daga wannan gefe zuwa wancan, iya ganinka. Wani tsoho na tsugune yana juya shi da manjagara.

Tak ya danna oda. Tsohon ko ɗagowa bai yi ba. Tak ya fito yana gyara wando.

"Baba, a kwashe mana mu wuce."

"Gobe ruwa za a yi. Yau zai bushe. Koma baya zuwa mararrabar can ka bi ta bakin teku, yanzu za ka isa."

Tak ya sa hannu a aljihu.

"To nawa ne barkonon duka? Na saya."

"Na 'ya'yana ne, da shi za su haɗa kimcin bana, kabejin da muke tsimawa da yaji. Da kuɗinka za su kwaɓa kabejin?"

"Baba, a doka fa hanyar nan ta gwamnati ce, kuma..."

Tsohon ya miƙe a hankali, ya dube shi sama da ƙasa. "Kai, shekarunka nawa?"

Shi ke nan, lacca ta mutu. Tak ya dawo mota yana zufa. Inna ta duba agogo ta ce, "Mijin Hye-suk, ja baya mana. Miyar ganyen teku ta walimata na can na hucewa."

"Yanzu kuwa, Inna. Wannan ai wasan yara ne."

Ya sa ribas. Ya murɗa dama, ɗakin ya yi hagu. Ya murɗa hagu, ɗakin ya yi inda ya ga dama. Ya ce ni ne na tare masa madubi da ƙaton kaina. Na sunkuya. Ya ce Hye-suk ce ke numfashi da ƙarfi. Ya ja gaba, ya sake dawowa, wannan karon da zuciya. Sai muka ji ƙaraf! Tafi-da-gidanka ya lanƙwaso har yana leƙen mu ta taga, taya ɗaya ta zurma cikin gonar shinkafa, daga ciki kuma muka ji wainar biki ta tashi daga tebur ta gaisa da bango.

Inna ta kwance bel ɗin kujera. Ta buɗe ƙofa, ta tattare siket ɗinta, ta bi gefen barkonon a ƙafa. Tsohon ya ƙura mata ido.

"Sun-deok? Ke ce?"

Ashe ajinsu ɗaya a firamare. Ya shimfiɗa mata buhu a bayan 'yar taraktarsa da ke ɗaya ɓangaren, suka tafi fat-fat-fat suna dariya. Haka Inna ta shiga garinsu.

Tak na cewa, "Kada kowa ya ji, zan fitar da shi da kaina," sai lasifikar ƙauye ta yi ƙara daga kan falwaya.

"A-a, ana ji na? Mai unguwa ke magana. Surukin Sun-deok, ba likitan ba, ɗayan, ya jefa ɗakinsa a gonar shinkafa saboda bai iya ribas ba. Duk mai sauran ƙarfi ya ajiye cokali ya fito. Na maimaita, ba likitan ba."

Wayyo! Duwatsu ma sai da suka maimaita.

Suka fito daga wurin walima cikin kayan ado, ƙaraminsu ya haura sittin. Likita na biye, takalmi na ƙyalli, yana ɗaukar hoto wai don tarihi. Suka kwance ɗakin daga mota, suka sa kafaɗa. Tak ya hau kan dutse yana ba da umarni.

"Hagu! A'a, dama! Ku bi a hankali, fentin Jamus ne!"

Wata tsohuwa mai lanƙwasasshen baya ta zo ta rataya masa jakarta a wuya. "Ungo, ɗan nan, riƙe mana wannan." Kafin ka ce me, sauran ma sun kawo nasu. Sarkin tuƙi ya tsaya da jakunkunan tsofaffi har haɓa, su kuwa suka ciccibo ɗakin suka juya shi da hannu, suna waƙa. Motar ma ni na juyo da ita.

Duk da haka bai saduda ba. A zauren walima, kowa da taɓo a ƙafar wando, ya matso kusa da ni.

"Ƙanena, har yanzu da sauran dama. Ka ga gaisuwar da zan yi. Likita bai san ladabi ba, littafi kawai ya sani."

Aka zo inda 'ya'ya da surukai ke miƙa wa mai biki kofin barasar shinkafa. Tak ya riga kowa tashi. Ya miƙa da hannu biyu, ya zube har goshi a ƙasa, ya daɗe a haka. Gaskiya ta yi kyau, har na ji wani na cewa madalla. Ya miƙe, ya haɗa hannu a ciki, kuma da yake ba a juya wa babba baya, ya fara ja da baya a hankali.

Inna ta dire kofin, ta ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'a, ku janye tebura! Ku ɗauke yara! Zai yi baya!"